Jiran alat a Maruda: nazari kan tallafin marasa aiki, jinkirin biya da tantancewa

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci tallafin rashin aiki da sunansa. A sashe na 16, cikin abubuwan da aka ce gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar wa kowane ɗan ƙasa, an lissafa muhalli da abinci da mafi ƙarancin albashi da fanshon tsufa, aka kuma sa tallafin wanda ya rasa aiki da na marar lafiya. Sai dai sashe na 6 na wannan kundi ya riga ya ɗaure hannun kotuna: duk abin da ke babi na biyu, inda sashe na 16 yake, ba a kai gwamnati ƙara don ta gaza cika shi. An rubuta alkawarin, an kuma rubuta cewa babu mai bin bashinsa. Kusan duk wahalar da matashin Maruda ko na Kalgo a jihar Kebbi ke sha a hanyar neman tallafi, daga cike fom zuwa jiran alat, daga wannan giɓi ta samo asali.

Ƙasashen da suka kafa inshorar rashin aiki sun yi ta ne da doka. Ingila ta fara a 1911, Amurka ta biyo baya a 1935. A Afirka ta Kudu, dokar 2001 ta tanadi asusun UIF, inda ake cire kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 1. Ranar da aiki ya ƙare, mutum na zuwa karɓar abin da ya tara wa kansa ne, da sharuɗɗa sanannu, kuma in aka hana shi akwai inda zai ɗaukaka ƙara. Najeriya ba ta da irin wannan asusu. Hukumar NSITF, ƙarƙashin dokar 2010, diyyar rauni da mutuwa a bakin aiki take biya. Dokar ƙwadago, a sashe na 20, iyakarta ta ce mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama da waɗanda ya rage. Hukumar NDE, wadda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986, koyar da sana'a ce babban aikinta. A yaƙin neman zaɓen 2015 an yi ta zancen naira 5,000 duk wata ga marasa aiki, amma a farkon 2016 Shugaba Buhari da bakinsa ya nuna cewa ya fi son sa kuɗin a hanyoyi da makarantu da noma. Abin da ya rage shi ne shirye-shirye: kowace gwamnati ta zo da nata, ta sa masa suna da tambari, ta dakatar da shi ranar da ta ga dama.

Kafin a shiga cikinsu, akwai tambayar da ake tsallakewa: wane ne marar aiki a Maruda? Mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Gwandu, ƙasar noma, inda da damina ba ka samun mai lafiya zaune a gindin bishiya da hantsi. Zaman banza yakan zo ne bayan kaka, idan gero da dawa sun shiga rumbu. Mai fadama ko mai injin ban ruwa ya juya ga shinkafar rani ko albasa, irin wadda ta yi wa Aliero suna. Wanda ba shi da ko ɗaya ya ɗaura jakarsa ya tafi cin rani, Legas ko Ibadan ko Abuja, ya yi dako ko gadi ko acaɓa, ko da yake tun 2020 gwamnatin Legas ta yi ta rufe ƙofar acaɓa a manyan unguwanninta. Ma'aunin ofis bai san irin wannan rashin aiki ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta sauya ma'auni, ta ɗauki duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai adadin ya faɗo kashi 4.1 a farkon 2023. A sabon ma'aunin, saurayin da ya sayar da rake ranar kasuwa mai aiki ne. Hukumar nan dai ita ce ta ce a 2022 fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen jihar Kebbi na fama da talauci ta fuskoki da yawa. Duka alƙaluman na iya zama daidai: mutane suna aiki, aikin ne ba ya riƙe gida.

Sai rukuni na biyu, masu takarda. Kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha ta Aliero, da jami'ar tarayya da aka kafa a 2013 wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, duk shekara suna yaye ɗalibai. Jihar kuma babban mai ɗaukar ma'aikata a cikinta gwamnati ce. Don irin waɗannan aka yi N-Power.

An fara shirin a 2016 da mutum 200,000 a faɗin ƙasa, aka ƙara 300,000 a 2018. Sharaɗin shi ne mutum ya kasance tsakanin shekara 18 da 35, ba shi da aiki. A tura shi makarantar firamare ko asibitin sha-ka-tafi ko aikin malamin gona, a riƙa ba shi naira 30,000 a wata. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, don haka kuɗi ne masu kauri. An yi aure da su, an sayi babur da su. Makarantun ƙauye da dama sun samu malamin lissafi a dalilin shirin, kuma duk mai adalci ba zai ƙi faɗin haka ba. An ce shekara biyu za a yi, rukunin farko ya kusa shekara huɗu, sannan a tsakiyar 2020 aka sallami rukunan biyu gaba ɗaya. Da aka buɗe rajistar rukuni na uku a watan Yunin 2020, fiye da mutum miliyan biyar suka nema. Aka ɗauki 510,000 a zangon farko a 2021, kuma daga nan komai ya koma shafin intanet na NASIMS: jarrabawa, dangwala yatsa, takardar turawa wurin aiki, har bayanin biya. Alawus ya riƙa makara, bashi ya taru. Da yawa sun ce suna bin wata takwas ko tara. A watan Oktoban 2023 minista Betta Edu ta dakatar da shirin don a yi bincike. A watan Janairun 2024 ita kanta aka dakatar da ita bisa zargin ba da umurnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, kuma kwanaki kaɗan bayan haka Shugaba Tinubu ya tsayar da shirye-shiryen hukumar NSIPA, wadda N-Power ke ƙarƙashinta, baki ɗaya na mako shida. Ana zargin ɓarna a Abuja, wanda ya koyar da 'yan aji huɗu a ƙauye shi aka ce ya dakata.

Shirin ayyuka na musamman na mutum 774,000 ya nuna wata fuskar. An ware gurbi dubu ga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku, don share magudanan ruwa da gyaran hanya da makamantansu. Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 ta samu 21,000: Gwandu dubu, Kalgo dubu. Ƙidayar 2006 ta ba Gwandu mutum kimanin 150,000, kuma mazaɓunta goma ne. Ko da an raba daidai wa daida, Maruda gurbi ɗari za ta samu. Tun kafin a ɗauki ko mutum ɗaya, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan majalisar tarayya suka yi sa-in-sa a bainar jama'a a tsakiyar 2020 kan wa zai zaɓi mutanen, a ƙarshe kuma aka ware wa masu riƙe da muƙaman siyasa nasu kaso. Farawar da aka sa a watan Oktoba ta koma Janairun 2021, biyan kuma ya ja watanni. Inda gurbi ya yi kaɗan, kuma babu rubutaccen ma'aunin da zai fifita wannan mabukaci kan wancan, tambayar cancanta takan koma tambayar wa ka sani. Shi ya sa a ƙauye ba a tambayar ko mutum ya cika sharaɗi, sai dai a ji ko ya ga kansila.

Tantancewa ita ce inda ya kamata a tsaya a duba da kyau, don a nan ne mafi yawan mutane ke zubewa ba tare da kowa ya ce ya hana su ba. Ba a yi ta don banza ba. An samu sunayen bogi, an samu ma'aikatan gwamnati da ke karɓar alawus ɗin marasa aiki, an samu masu zama a birni suna raba kuɗin da shugaban makaranta don ya sa musu hannu. Lambar banki ta BVN, wadda aka ƙaddamar a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, sun toshe wasu daga cikin waɗannan ramuka. Amma na'ura abu guda ta sani, wato rubutu ya yi daidai da rubutu, kuma rubutun sunayenmu bai taɓa zama daidai ba. Mutum ɗaya: a takardar firamare Mamman Garba, a banki Muhammadu Abubakar, a katin ɗan ƙasa Muhammad Abubakar Maruda, saboda ma'aikacin da ya yi masa rajista ya ce sai da suna na uku. Duk garin sun san Mamman shi ne Muhammadu, Garba shi ne Abubakar. Kwamfuta kuwa mutum uku take gani. Ranar haihuwa ita ma haka. Wanda aka haifa a gida, ba takardar asibiti, an ƙiyasta masa shekara a makaranta, aka sake ƙiyastawa a banki, sau da yawa a manna masa 1 ga Janairu a wuce wurin. Gyaran ranar haihuwa a hukumar NIMC ya daɗe yana cin naira 15,000, rabin alawus ɗin wata ke nan, kafin a ƙara kuɗin a 2025. Ban da takardar rantsuwa ta kotu, da kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi da dawowa, da yinin gona da aka rasa.

A leƙa shagon mai kafe a garin Gwandu ranar da aka ce an buɗe shafi. Janareta na kuka a bakin ƙofa, samari sun jeru a benci, kowa da ledar takardunsa a cinya. Mai shagon na riƙe da yatsan wani yana danna shi kan ɗan gilashin na'ura, ya goge da gefen riga, ya sake dannawa. Hannun da ya sha fartanya da lauje zanensa kan suɗe, sai na'ura ta ƙi karɓa. A ce ya shafa mai, a ce ya jiƙa da ruwa, a gwada na hagu. Ana cikin haka sabis ya ɗauke, a fara daga farko. Adireshin imel ɗin da aka yi masa rajista da shi ma mai kafe ne ya ƙirƙira masa shekara biyu da suka wuce, ya rubuta lambar sirrin a wani littafi da yanzu ba a san inda yake ba. Layin wayar da lambar tabbatarwa za ta shigo kuwa ya ɓata a wurin cin rani, ko an rufe shi tun lokacin da aka tilasta haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020. Duk wanda ya zauna a irin wannan wuri ya ji jimlar da ake ta nanatawa, da karin harshen yankin: suna ya hito, kuɗɗi ba su shigo ba. Babu jami'in da ya ce wannan saurayi bai cancanta ba. Shafi ne kawai ya nuna ana kan aiki, ko biya bai yi nasara ba, kuma shafi ba ya amsa tambaya.

Duk wani tsarin tantancewa kuskure iri biyu yake yi. Ko ya bar wanda bai cancanta ba ya karɓa, ko ya hana wanda ya cancanta. Ƙara tsanani na rage na farko, yana kuma ƙara na biyu, ba makawa. Bambancin shi ne na farkon yana da masu ƙirga shi: mai binciken kuɗi, hukumar EFCC, jaridu, bankin da ya ba da rance. Minista zai tsaya gaban 'yan jarida ya ce ya kori sunayen bogi dubu kaza, a tafa masa. Na biyun ba shi da mai ƙirga. Bazawarar da sunanta ya faɗi don ba ta da NIN ba ta shiga rahoton kowa, ko kuwa ta shiga a matsayin kuɗin da aka ceto. Jami'in da ya biya ɗan bogi na iya rasa kujerarsa. Wanda ya riƙe haƙƙin mutum dubu na wata shida babu abin da zai same shi. Duk ma'aikacin da ya san ciwon kansa, a irin wannan yanayi, tsaurarawa zai yi ya jinkirta. A ganina wannan ya fi bayyana jinkirin biya fiye da zancen lalaci ko mugunta da ake yawan yi.

Tallafin gidaje ya tabbatar da haka a sikeli mafi girma. Tun 2016, da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, aka fara haɗa rajistar matalauta ta ƙasa. Hanyar da aka bi tana da hankali: a tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su kuma ambaci gidajen da suka fi shiga cikinsa. An riƙa biyan naira 5,000 a wata, a haɗa na wata biyu a miƙa 10,000 hannu da hannu, galibi ga matar gida. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta maido. Wannan hanya ta dogara da sanin da maƙwabci ya yi wa maƙwabci, kuma tana da nata ciwon, don mai gari ma mutum ne mai 'yan'uwa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni suka cika, ta ce rajistar ba abin dogaro ba ce. A watan Oktoba aka sanar da naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, daga baya aka gindaya cewa sai an tabbatar da wani baligi a gidan ta NIN ko BVN, kuma a biya ta asusu. A watan Mayun 2025 Bankin Duniya ya ce gidaje miliyan 5.6 ne kawai, wato kimanin kashi 37 cikin ɗari, suka samu ko da biya ɗaya. Tallafin gaggawa ne na wata uku, amma a lokacin an riga an wuce shekara da rabi. Waɗanda suka fi rashin katin ɗan ƙasa da asusun banki kuwa sanannu ne: tsofaffi, matan aure na karkara, makiyaya a ruga. Su ne kuma tun farko mutanen gari suka nuna da yatsa.

Jinkiri ba ya tsayawa a kan mai jira kaɗai. Wanda sunansa ya fito ya zama mai abin jingina, sai mai shago ya buɗe masa shafi a littafin bashi: kwanon gari, sabulu, man girki, sai alat ya shigo. Mai kemis ya ba da maganin zazzaɓin yaro a kan haka, mai acaɓa ya riƙa kai shi makarantar da aka tura shi a kan haka. Idan wata uku ya zama takwas, jarin mai shago ne ya maƙale, kuma zumunci ya fara tsami. A taƙaice ƙananan 'yan kasuwar ƙauye ne ke ba gwamnatin tarayya rance ba ruwa, ba tare da an nemi yardarsu ba. Ranar da kuɗin suka zo kuma sun riga sun rame. Litar fetur naira 145 ce a tsakiyar 2016; a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000, alawus ɗin N-Power yana nan a 30,000. Akwai kuma asarar da ba a gani: saurayin da ya fasa tafiya cin rani don kada a kira tantancewa ba ya gari. Ya sayar da rani guda don jiran abin da ba a sa masa rana ba.

Wuri ɗaya ne dokar Najeriya ta ba wanda ya rasa aiki haƙƙi mai rana da adadi. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikacin da bai kai shekara 50 ba, in ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. A dokar 2004 wata shida ne. Nan ma akwai tuntuɓe, don ana neman takardar sallama, kuma kamfanin da ya kori mutum cikin rigima, ko wanda ya riƙa cire kuɗin bai zuba ba, ba ya saurin ba da ita. Duk da haka mai nema yana da sashen doka da zai nuna, yana da hukumar PenCom da zai kai wa kuka. Sai dai kuɗin tsufansa ne yake ci tun da ƙuruciya, kuma tanadin na masu albashi ne, a ƙasar da hukumar ƙididdiga ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba sa cikin aikin da ke da rajista. A Maruda sai an tona kafin a samu wanda wannan sashe ya shafa.

Misalai biyu daga waje sun fi na Turai kusa da halinmu. Dokar da Indiya ta kafa a 2005 ta ba kowane gidan karkara damar neman aikin kwana ɗari a shekara, ta ce in ba a ba shi aikin cikin kwana 15 ba sai a biya shi alawus na zaman jira, in kuma lada ya makara a biya diyyar makarar. An sha kokawa kan yadda aka aiwatar da ita, amma an gina ta ne kan rashin aiki na lokaci-lokaci irin namu na rani, kuma ta sa jinkiri ya zama abin da ke cin aljihun gwamnati. Afirka ta Kudu ta fara biyan marasa aiki rand 350 a wata a 2020, ta kai shi 370 a 2024, tana duba asusun bankin kowa duk wata. Nan ma an zubar da mabukata da yawa, don ko kyautar ɗan'uwa ta shigo asusu sai a lissafa ta a matsayin samu. Amma da yake akwai ƙa'ida a rubuce, ƙungiyoyi sun kai ƙara, kuma a watan Janairun 2025 babbar kotun Firitoriya ta ce taƙaita neman tallafin ga intanet kaɗai ya saɓa doka. Gwamnati ta nemi ɗaukaka ƙara.

A Najeriya, dokar da ta kafa NSIPA a 2023 ta ba hukumar gindin zama, amma wata takwas bayan sa mata hannu aka tsayar da shirye-shiryenta da sanarwa ɗaya daga fadar shugaban ƙasa. Abin da ke hannun mai nema a yau shi ne abin da zai iya yi da kansa: ya daidaita rubutun sunansa da ranar haihuwarsa a NIN da BVN tun kafin a buɗe wani shafi, ya riƙe layin waya ɗaya, ya karɓi imel da lambar sirrinsa daga hannun mai kafe, ya ajiye kwafin kowace takarda, kada kuma ya ba kowa kuɗi don a sa sunansa. Wannan duka dabarar zama da tsarin ne yadda yake. Gyaran tsarin kansa yana bukatar abu uku a cikin doka: ranar biya da diyyar makara, rubutaccen dalili ga duk wanda aka cire, da jami'i mai suna a sakatariyar Gwandu da ta Kalgo wanda ke da ikon karɓar shaidar mai gari da limami ya ce Mamman Garba da Muhammadu Abubakar mutum ɗaya ne.